Kiyaye Ido a Kwanakin Annoba

Karatunmu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Yahaya 9:1-7

   

Yau za mu yi magana a kan wata 'yar ƙaramar gaɓa ta jikinmu, wato ido. Ƙwayar idon babban mutum faɗinta bai kai santimita 3 ba, ba ta fi ɗan ƙaramin lemun tsami ba. Amma ku duba irin katangar da Mahalicci ya kewaye ta da ita. Ga ƙashin goshi a sama, ga na kumatu a ƙasa, ga gira mai tare gumi, ga gashin ido mai tare ƙura, ga ƙiftawa, ga hawaye masu wanke ta dare da rana. Duk da haka gabanta a buɗe yake, gama dole haske ya shiga. Fatar nan garai-garai da take rufe da baƙin ido kaurinta kamar rabin milimita ne kawai. Tsinke ɗaya ya isa ya ɓata ta. In kuwa ta yi tabo, wato hakiya ta fito, mutum yana iya rasa ganinsa a wannan ido har ƙarshen ransa.

Abin da muke so mu fahimta tare shi ne, sa'ad da annoba ta shigo ƙasa, ba cutar kaɗai take taɓa mutane ba. Takan sāke yadda muke zama, da inda muke yini, da abin da muke riƙewa a hannu. Saboda haka har irin raunin da yake samun ido yakan sāke. Likitocin ido sun lura da wannan sosai a lokacin cutar korona, daga abin da suka gani kuwa akwai darasi dominmu.

Asibitocin ido sun yi tsit

Mun tuna yadda abin ya faru. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. A ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annoba ta dukan duniya. Daga 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Legas, da Ogun, da Abuja, waɗansu jihohi kuma suka bi da tasu. Aka rufe makarantu da kasuwanni, aka hana taron sujada, kowa ya koma gida.

A Italiya, inda aka rufe ƙasar duka tun farkon Maris, likitocin wani asibiti a birnin Bolonya suka ƙidaya masu raunin ido da suka zo wurinsu daga 10 ga Maris zuwa 10 ga Afrilu 2020. Da suka gwada da kwanaki irin waɗannan na shekarar 2019, sai suka tarar adadin ya ragu da kamar kashi biyu cikin uku. A babban asibitin ido na Moorfields a birnin Landan ma, masu zuwa sashen gaggawa suka ragu da fiye da rabi.

Mai jin wannan zai ce, to, madalla, ashe annoba ta zo da wani alheri. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Da aka daina wasan ƙwallo, ƙwallo ta daina bugun idon yara. Da motoci suka ragu a hanya, gilashin mota ya rage yanka fuska. Da masana'antu da wuraren gini suka tsaya, ɓarɓashin ƙarfe ya rage shiga idon ma'aikata. Amma akwai dalili na biyu, wanda ba na murna ba ne. Mutane da yawa sun ji rauni, suka ƙi zuwa asibiti don tsoron kamuwa da cutar, ko don ba motar haya, ko don sun ɗauka an rufe asibitin. Za mu komo kan waɗannan mutane nan gaba.

Hatsari ya bi mu gida

Abu na fari da likitoci suka lura da shi shi ne, hatsari bai ƙare ba, wuri ya sāke. A wancan asibiti na Bolonya, raunukan wasanni da na faɗuwa sun ragu, amma a cikin waɗanda suka zo, rabon masu jin rauni wajen aikin gida da aikin lambu ya ƙaru. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya saba yini a ofis, yanzu ga shi a gida ba abin yi. Sai ya ɗauki guduma da ƙusa zai gyara ƙofa, ko ya ɗauki adda zai sare reshen itace. Ba sana'arsa ba ce, ba shi kuwa da tabarau na kāriya irin wanda ake ba ma'aikaci a wurin aiki.

Mu duba gidajenmu. Ga faskare, inda ɗan guntun itace yakan tashi kamar kibiya. Ga kara da ƙaiƙayi lokacin girbi da sussuka. Ga man gyaɗa mai zafi a kasko. Ga sodar da ake haɗa sabulu da ita, ga siminti da farar ƙasa, ga maganin ƙwari. Ga kuma yara, waɗanda in ba makaranta sukan yini da danƙon harbin tsuntsu, da tsinken tsintsiya, da jifa. Raunin da kara ko ganye ya yi wa baƙin ido yana da wata mugunta ta musamman. Yakan shigar da wata irin ƙwayar cuta dangin fumfuna, wadda take ci a hankali, kwana da kwanaki, maganin ɗigawa na yau da kullum kuwa ba ya kashe ta.

Akwai wani rauni kuma wanda ba guduma ce take yinsa ba, hannun mutum ne. Da aka kulle iyalai wuri ɗaya, ga rashin kuɗi, ga damuwa, sai dūkan mata da yara ya ƙaru a ƙasashe da yawa. Har a watan Afrilu 2020 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira ga gwamnatoci su tashi tsaye a kan wannan. Mari ko naushi a fuska yana iya karya siririn ƙashin da ƙwayar ido take zaune a kansa, yana iya tara jini a cikin ido, yana iya fasa ƙwayar kanta. 'Yan'uwa maza, manzo Bulus ya gargaɗe mu a Kolosiyawa 3:19 a kan zafin hali ga matanmu. Mutumin da yake jagorar waƙa ran Lahadi, matarsa kuwa tana ɓoye kumburarren ido da gyale, yana bukatar tuba. Dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata kuma, in sun gani, kada su yi shiru.

Abin kāriya ya zama abin rauni

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Waɗansu abubuwan da aka kawo don su tsare mu daga cutar, su ne suka ji wa ido rauni.

Kowa ya tuna da man nan na tsabtace hannu, sanitaiza, wanda aka ajiye a ƙofar banki, da kanti, da majami'a. Kashi 60 cikin 100 ko fiye na abin da yake cikinsa sinadarin barasa ne. Wannan ne yake kashe ƙwayar cuta a hannu, shi ne kuma yake ƙona fatar baƙin ido. A Faransa, cibiyoyin da suke karɓar rahoton guba sun tarar cewa daga 1 ga Afrilu zuwa 24 ga Agusta 2020, yaran da wannan mai ya shiga idonsu sun ninka na shekarar 2019 har sau 7. Waɗansu sai da aka yi musu aiki a asibiti. Me ya jawo? An kafa kwalaben a kan sanduna masu tsawon kamar mita ɗaya, waɗansu kuma da ƙafa ake taka su. Mita ɗaya daidai hannun babba ne, amma daidai idon ɗan ƙaramin yaro ne. Yaro ya taka, ya ɗaga kai ya ga abin da zai fito, sai man ya fesu masa a ido. Ba wanda ya yi nufin mugunta. Manya ne suka auna abin da tsawon kansu, suka manta da yara.

Haka kuma waɗansu suka sayi fitilu masu wani irin haske mai kashe ƙwayoyin cuta, suka kunna a ɗaki suna ciki. Wannan haske ɗan'uwan hasken walda ne. Ba a jin kome a lokacin, sai bayan sa'a 6 zuwa 12 mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye suna zuba, ba ya iya duban haske. Likitocin wani asibitin ido a birnin Mayami na Amurka sun ba da labarin mutum 7 da suka zo musu da irin wannan ƙuna a 2020.

Mafi muni shi ne abin da jita-jita ta yi. A Iran, a farkon 2020, labari ya bazu cewa shan barasa yana kashe cutar korona. Mutane suka sha barasar ɓoye wadda aka gauraya da wani sinadari mai guba da ake kira metanol. Wannan guba takan lalata jijiyar da take kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗaruruwan mutane suka mutu, waɗansu da suka rayu suka makance. Maganin ƙarya ne ya cuce su.

Waɗanda suka makara

Yanzu mu komo kan waɗanda suka zauna a gida. Tsoron ba na marasa lafiya kaɗai ba ne. Likitan ido yakan matsa fuskarsa dab da ta wanda yake dubawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara faɗakar da abokan aikinsu game da cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin, Dokta Li Wenliang, likitan ido ne, cutar kuwa ta kashe shi a ranar 7 ga Fabrairu 2020. Saboda haka asibitoci da yawa suka ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. Amma ba su rufe ƙofa ga masu gaggawa ba. Mutane ne da yawa ba su san haka ba.

Ga misali. A can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa wadda hoton abin da muke gani yake sauka a kanta. Wani lokaci takan yage ta fara ɓallewa, ko don bugu, ko don tsufa. Alamarta ita ce, mutum ya riƙa ganin walƙiya, da baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo, sa'an nan wani duhu kamar labule ya fara rufe gani daga gefe. Ba zafi. In an yi aiki kafin ɓallewar ta kai tsakiyar shimfiɗar, yawanci gani yakan tsira. In ta kai, ko an yi aiki da wuya gani ya koma yadda yake dā. A asibitin Moorfields, masu zuwa da wannan ciwo sun ragu da fiye da rabi a lokacin kulle. Dokar kulle ba ta hana shimfiɗar ido ɓallewa. Mutanen suna gida ne, labulen yana ta rufewa.

Annobar da muka sani a ƙasarmu

Kada mu ce wannan labarin Turai ne. A shekarar 1969 wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓulla a Gana, a shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. Shi ya sa har yau muke ce masa Afolo. Ido ya yi ja wur, ya kumbura, ya yi ta ruwa, gida guda ya kamu. Amma Afolo yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, da wuya kuma shi kansa ya makantar. Abin da yake makantarwa shi ne abin da ake zubawa a idon: fitsari, ruwan batir, ruwan ganye, ruwan albasa, taba. Ruwan batir yana ƙona baƙin ido nan take. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana ɗauke da ƙwayar cuta wadda za ta iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Haka yake da ƙyanda, wato baƙon dauro. Ƙyanda takan cinye sinadarin bitamin A na jikin yaro, ido ya bushe, baƙin ido ya yi gyambo. In aka ƙara masa da maganin gargajiya mai zafi, sai hakiya. Yara da yawa a ƙasar Hausa sun makance ta wannan hanya. Ga shi kuwa akwai allurar rigakafi a wata 9, da ta biyu a wata 15. Yaron da ya kamu kuma ana ba shi bitamin A a asibiti, yau da gobe. Man ja, da zogale, da karas, da gwanda, da mangwaro, da hanta, da ƙwai, duk suna gina wannan sinadari a jiki.

Abin da za mu yi

In wani sinadari ya shiga ido, ko sanitaiza, ko soda, ko siminti, ko ruwan batir, kada a tsaya neman mota. A buɗe idon da yatsu, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa, har minti 20 ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti da kwalbar abin. Soda da siminti da farar ƙasa sun fi ruwan batir hatsari, gama sukan ci gaba da ratsawa cikin ido.

In wani abu ya soki ido, kada a cire shi, kada a murza, kada a danna, kada a ɗiga kome. A kifa ɗan kofi mai tsabta a kai yadda ba zai taɓa ƙwayar ba, a ɗaure, a tafi asibiti nan da nan. Kada a ba mutumin abinci, gama mai yiwuwa za a sa shi barci a yi masa aiki.

In kara ko ganye ya karce ido, zafi da ja kuwa ba su ragu ba washegari, a je asibiti. In an ga walƙiya da labule, a je a ranar. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, gama waɗansu suna kwantar da ja, amma suna ƙara wa gyambo ƙarfi. Ga asibitin ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga sassan ido a manyan asibitocin jihohinmu. Mai faskare da mai walda da mai fasa dutse su nemi tabarau na kāriya. Kuɗinsa bai kai na jinyar kwana ɗaya ba.

Abin da Maganar Allah take koya mana

A karatunmu na fari, Allah ya umarci Isra'ilawa cewa wanda ya gina sabon gida ya ja katanga kewaye da rufin soronsa, domin in wani ya faɗo, alhakin jininsa yana kan gidan. Ku lura, maigidan bai tura kowa ba. Laifinsa shi ne bai yi tunanin wanda zai hau ba. Kwalbar da aka kafa daidai idon yaro, da sodar da aka bari a robar ruwan sha a ƙasan gado, rufin soro ne marasa katanga. Ƙaunar maƙwabci ta haɗa da durƙusawa mu dubi gidanmu da majami'armu daga tsawon ɗan shekara 4. Malaman makarantar Lahadi da masu tsaron ƙofa, wannan aikinku ne.

A karatunmu na biyu, almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka fara tambayar ko zunubin wane ne ya jawo. Yesu ya kawar da tambayar, ya juya ga mutumin da bukatarsa. Sau da yawa mukan yi kamar almajiran. Yaro ya ji rauni a ido, sai a yini ana muhawara ko sammu ne, ko laifin uwa ne, ko na kishiya, alhali kowace sa'a tana rage ganin yaron.

Wani zai ce, ai Yesu ma yawu da ƙasa ya kwaɓa ya shafa wa makahon, don me za a hana mu zuba namu? Ɗan'uwa, ikon ba a cikin laka yake ba. A Yariko ya buɗe idon Bartimawas da magana kaɗai, ba laka, ba ruwa. Ikon na Ɗan Allah ne. Mu lura kuma, makahon bai gani ba sai da ya tashi ya tafi inda aka aike shi, wato tafkin Siluwam. Bangaskiyarsa ta sa shi tafiya. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa. Mu yi addu'a, i, amma mu yi ta muna kan hanyar asibiti. Allah da ya halicci ido, shi ne ya ba likita sani.

A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar korona. Amma Afolo yakan zagayo, ƙyanda takan zagayo, ba mu kuwa san irin annobar da take gaba ba. Sa'ad da ta zo, tsoro zai ce mana mu ɓuya, mu sha duk abin da aka ce magani ne. Mu masu bi, Allah ya ba mu ruhun natsuwa da hankali. Mu tambayi ma'aikatan lafiya, mu ziyarci tsofaffi da gwauraye mu ji ko ganinsu ya sāke, wanda ba shi da kuɗin mota kuwa ikilisiya ta ɗauki nauyinsa.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin idanun da ka ba mu. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka ba mu hikima mu tsare 'ya'yanmu, ka kwantar da fushi a gidajenmu. Ka ƙarfafa likitoci da ma'aikatan jinya. Ka ta'azantar da 'yan'uwanmu da suka rasa gani, ka koya mana mu riƙe hannunsu. Ka buɗe idanun zukatanmu mu san Yesu Almasihu. Cikin sunansa muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.